Jitar Bas Ba Rabon Rago Ba Ce

Duk shekara idan makon al'adu ya matso, a lise da kwalejojin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, akan buɗe ɗakin ajiya a kakkaɓe kayan kiɗa, sannan a zauna rabo. Yadda rabon ke gudana kusan iri ɗaya ne ko'ina, har a gidajen matasa da ƙananan ƙungiyoyin unguwa. Yaron da ya fi saurin yatsu shi ake miƙa wa jitar solo. Mai zaƙin murya a ba shi mikoro. Ƙaƙƙarfan da ba ya gajiya a zaunar da shi bayan gangunan batiri. Fiyano kuwa, da yake ita ce mai tsada, takan faɗa hannun wanda shugabanni suka fi amincewa da shi. Idan an gama, sai a waiga a ga wani yaro tsaye a bakin ƙofa, wanda ya gwada solo ya kasa, ya gwada waƙa aka yi masa dariya, a ce masa: "Kai, zo ka riƙe bas, ai tsirkiya huɗu ce kawai." Da wannan magana guda ake karya orkes tun ba a soma kiɗa ba. Masu furta ta kuma ba jahilai ba ne: malamai ne da jagororin ƙungiyoyin al'adu, mutanen da aka damƙa wa amanar yara da ta kuɗin jama'a.

Wannan raini yana sake fitowa ranar sayen kaya. Kwamitin da ya bai wa rago bas shi ne dai zai zuba mafi yawan kuɗin da aka tara cikin manyan akwatunan lasifika da fiyano mai fitilu, idan an sami canji a sayo wata bas karkatacciya, ba tare da an tanadar mata ampili nata ba. Kuskuren biyu tushensu ɗaya ne, wato zaton cewa kiɗa shi ne abin da ya fi tashi sama kuma ya fi ƙara. Alhali kiɗan rawa a kan taku yake tsaye, taku kuwa a hannun mai bas da mai batiri yake.

Ya kamata a fayyace aikin mutumin nan da ake rainawa. Tsirkiyoyinsa huɗu, mi, la, re da sol, su ne mafi kaurin murya a cikin orkes, kuma kowane sauti da ya fitar yana ɗauke da saƙo biyu a lokaci guda. Na farko, yana shaida wa kunne gindin da sauran sautuka suka hau kai: mai fiyano na iya danna do, mi da sol, amma idan mai bas ya ajiye la a ƙarƙashinsu, launin abin ya sauya gaba ɗaya, farin ciki ya koma jimami, ba tare da mai fiyano ya ɗaga yatsa ba. Na biyu, yana shaida wa ƙafa inda za ta sauka. Babbar gangar da mai batiri ke takawa da ƙafa tana ba da bugu, amma bugun gajere ne, da ya faɗi ya mutu. Bas ce ke ba shi jiki da tsawo, ita ke cewa ga inda ya fara, ga inda ya ƙare. Saboda haka ne kuskuren mai solo yake wucewa kamar tari a cikin taro, na mai bas kuwa ya girgiza kowa. Idan solo ya ɓata, ƴan kallo su yi murmushi. Idan bas ta yi gaggawa, mai batiri ya bi ta, mawaƙi ya soma haɗiye kalmomi, ƴan amshi su shigo a makare, masu rawa su zauna ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun iya faɗin abin da ya dame su ba. Washegari a ɗora laifin a kan kayan sauti, a ce bafil ɗin ƙanana ne, a soma shirin sayen waɗanda suka fi su.

Abin mamaki shi ne wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya tsaya kusa da masu kalangu ya san cewa babban kalangu magana yake yi: ya kira suna, ya yi kirari, ya yi habaici, ya tsaya, ya dawo. Abin da ke ba shi wannan sakewa shi ne ƙananan da ke bayansa, ɗan karɓi da kuntuku, waɗanda ba sa barin layinsu ko da sama za ta faɗo. Haka mai goge yake jingine da masu ƙwarya, haka mai garaya yake jingine da ƙwarya da caki. Ba a taɓa jin wani shahararren makaɗi ya ce ko wane ne ma ya riƙe masa ƙwarya ba. Yakan zaɓi mutanensa, ya yi shekaru da su, domin ya san idan suka zame shi ne zai ji kunya a gaban sarki ko a gidan biki.

Mai gardama zai ce: ai ko a gargajiyar ma yaro ƙarami ake bai wa kuntuku, ina bambancinsa da bai wa sabon shiga bas? Tambayar tana da ƙarfi, amma amsarta tana cikin cikinta. A gidan makaɗa, ƙaramar ganga ƙofa ce da kowa ke bi. Yaro yana riƙe ta kusa da mahaifinsa ko maigidansa, kunne na kansa, harara na jiransa idan ya kauce, kuma wanda bai iya riƙe ta ba, ba zai taɓa rataya babban kalangu ba. Wato ita ce jarrabawar shiga sana'a. A orkes ɗin lakkwal kuwa an juya abin: an mayar da bas juji, inda ake zuba wanda ya faɗi jarrabawa, sannan a bar shi shi kaɗai, ba mai koya masa, ba mai sauraronsa. Da gaske ake son bin tafarkin iyaye, da kowane yaro sai ya yi wata uku a kan bas ko a kan ƙwarya kafin a bar shi ya taɓa solo.

Gaskiya ne wannan raini ba a Nijar aka fara shi ba. Jitar bas mai lantarki ba tsohuwa ba ce: a 1951 ne Leo Fender ya fitar da samfurin da ya kira Precision a Amurka, kuma ta daɗe ana kallonta a matsayin kayan wanda ya rasa wuri. A ƙungiyar Beatles ta Ingila, da mai bas ɗinsu Stuart Sutcliffe ya bar su a 1961, ba wanda ya yi marmarin gadonsa, sai Paul McCartney ya ɗauka don ba yadda zai yi, ya sayi wata Höfner a birnin Hamburg saboda kuɗinsa ba su kai na Fender ba. Sai dai a lura: wanda nauyin ya faɗa wa yana cikin mafi kaifin kunne a ƙungiyar, kuma abin da ya biyo baya duniya ta ji shi. A birnin Detroit, James Jamerson ya buga bas a kan ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown da suka zagaye duniya a shekarun 1960, amma ba a saba rubuta sunayen makaɗan a bangon faifai ba sai a 1971, a faifan Marvin Gaye mai suna What's Going On. Mutumin ya rasu a 1983, jama'a da yawa suna rawa da aikinsa ba su san sunansa ba. A Jamaika kuwa ba a yi wannan kuskure ba, domin kiɗan rege a kan bas aka gina shi: Aston Barrett, wanda ya rasu a 2024, shi ne jagoran makaɗan Bob Marley, ƙanensa Carlton na kan batiri. A Gine, ƙungiyar mata jandarmomi da aka kafa a 1961, wadda aka fi sani da Amazones, ta daɗe ƙarƙashin jagorancin mai bas ɗinta, Kwamanda Salématou Diallo. Wannan ya isa amsa ga masu cewa bas ta fi ƙarfin ƴan mata, a ajiye su a layin amshi da rawa. Kamaru ma, maƙwabciyar maƙwabta, ta mayar da bas abin alfahari: daga Jean Dikoto Mandengue da Vicky Edimo zuwa Armand Sabal-Lecco, Étienne Mbappé da Richard Bona, ƙasa guda ta cika ɗakunan ɗaukar sauti na Paris da New York da masu bas. Ba ruwan da suke sha ne ya bambanta ba. Kiɗan makosa ne ya ba bas wuri a gaba, yara suka taso suna ganin mai bas mutum ne.

A Nijar ɗin ma akwai abin koyi ga mai son ya ji. Bikin matasa na ƙasa da aka soma a zamanin Seyni Kunce, da gasar Ɗan Gurmu da aka ƙirƙiro domin kiɗan zamani, da cibiyar horar da makaɗa ta CFPM Taya a Yamai, sun fito da mutanen da suka shigar da takun gargajiya cikin kayan Turawa ba tare da sun karya shi ba. Marigayi Sa'adu Bori na Maraɗi ya ɗauko kaɗe-kaɗen bori ya ɗora su a kan jita da batiri, kuma faifan Niamey Twice da suka fitar da Musa Pusi a 1994 yana nan ga mai son shaida. Ƙungiyar Mamar Kassey, wadda aka kafa a 1995, ta zaunar da bas ɗin Haruna Abdu tsakanin molo, kalangu da ƙwarya, har mai sauraro ya manta cewa ɗaya daga cikinsu baƙuwa ce. Akwai kuma wani abin lura: a faifan Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024, waɗanda suka kai sunan Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ko'ina a duniya, mai bas ɗin Ba'amurke ne, Mikey Coltun. Wannan ba aibi ba ne, kuma ba ya nuna cewa ƙasar ta rasa masu bas. Amma ya kamata ya sa masu tarbiyyar matasa su tambayi kansu yara nawa suka tura ga wannan kaya da gangan, ba don sun rasa inda za su ajiye su ba.

Hujjar da ta fi kowace nauyi a bakin kwamitoci ita ce ta fiyano. Suna cewa kuɗi ba su da yawa, ga kuma na'ura guda da ke yin aikin mutum huɗu: a danna maɓalli ta ba da ganga, ta ba da bas, ta ba da rakiya, ba ta makara, ba ta fushi, ba ta neman kuɗin mota. Suna ƙarawa da cewa waƙoƙin finafinan Kano, waɗanda suka mamaye kasuwannin Maraɗi da Damagaram tun ƙarshen shekarun 1990, da irin waɗannan na'urori na Yamaha da Casio aka yi su, kuma jama'a ta karɓa. Duk wannan gaskiya ne. Mawaƙin da ke neman abincinsa a ɗakin ɗaukar sauti yana da ikon ya yi lissafinsa haka, ba mai zarginsa. Amma makaranta ba ɗakin kasuwanci ba ce, ƙungiyar al'adu ma haka. Dalilin kafa orkes a lise shi ne yara su koyi abin da ba a koyo a kan benci: sauraron juna, jiran juna, da ɗaukar nauyin da idan ka sake shi kowa zai faɗi. Na'urar da ta ɗauke wannan nauyi ta ɗauke darasin ke nan. Tamkar malamin lissafi ne ya raba wa ƴan aji na'urar ƙidaya ya ce an huta da koyon tara da ɗebewa.

Bayan haka, takun da ke cikin na'urar ba na ƙasar nan ba ne. Yawancin abin da masana'anta suka zuba mata raye-rayen Turai da Amurka ne: vals, tango, disko, bosa-noba. Kaɗe-kaɗen Hausa da na Zabarma da yawa a kan uku-uku suke tafiya, biyu na ratsa uku, nauyin bugu yana sauka inda littafin Bature bai sa shi ba. Ko an sami awon 6/8 a cikin jerin, a miƙe yake kamar layin rula, ba ya numfashi. Makaɗi mai rai yakan ja kaɗan idan mawaƙi ya shiga kirari, ya tsananta idan wata gwana ta shigo fili, ya sassauta idan dattijo ya miƙe zai yi liƙi. Na'ura ba ta ganin fili. Idan yara suka shekara biyar suna bin ta, kunnensu yakan miƙe kamar nata, ranar da aka haɗa su da mai kalangu na gaske sai su ce shi ne ba ya kan layi.

Sai batun saye, inda ake asarar kuɗin iyaye da na masu taimako. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Ƙa'idar farko da ya kamata kowane ma'ajin ƙungiya ya sani ita ce lambar wat da aka rubuta a jikin kwali ba ita ce ƙarfin sauti ba. Ninka wat sau biyu ba ya ninka ƙara sau biyu: ƙarin desibel 3 ne kawai, abin da kunne ke ji a matsayin ɗan ƙari. Kafin kunne ya ce sauti ya ninka, sai an ninka ƙarfin kusan sau goma. Sannan lambobin ma iri biyu ne: akwai RMS, wadda ke nuna abin da na'ura ke iya bayarwa a ɗore, akwai PMPO, wadda ƴan talla ke bugawa da manyan haruffa, dubu kaza, ba ta da wani amfani ga mai saye. Wanda ya tafi Kano sayayya da kuɗin ƙungiya ya dawo yana alfahari da dubban wat, sau da yawa iska ya sayo.

Sautin bas kuma yana da halinsa na daban. Tsirkiyar mi, mafi kauri, tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa, tsawon igiyar sautinta a cikin iska ya zarce mita 8. Kafin a motsa iska mai wannan yawa sai da lasifika mai faɗi da akwati mai zurfi, wanda aka ƙera don wannan aiki. Shi ya sa cusa bas a cikin ampilin jita, abin da ake yi kullum don tsimi, yake ƙarewa da yagaggen lasifika: an yi tsimin ɗaya, an yi asarar biyu. Haka nan haɗa bafil barkatai. Akwati biyu masu om 8, idan aka haɗa su gefe da gefe, sun koma om 4. A ƙara na uku da na huɗu, a sauka ƙasa da abin da ampili ke iya ɗauka, ya yi zafi ya ƙone a tsakiyar biki. Ba sihiri ba ne, ba kuma hassadar wata ƙungiya ba ce: darasin fizik ne na aji na uku, kuma malamin da ke koyar da shi yana nan cikin makarantar, ba wanda ya gayyace shi zaman kwamiti. A ƙasar da wutar lantarki ke hawa da sauka, ana kuma yawan kunna inji, na'urar daidaita wuta ta fi bafil na biyu amfani nesa ba kusa ba, amma da yake ba ta da kwarjini a kan dandamali, ita ake fara sokewa daga lissafi.

Ita kanta jitar, sunan da ke rubuce a kanta ba shaida ba ne, domin kasuwa cike take da jabu. Abin dubawa kaɗan ne, kuma ba ya bukatar gwani. A ɗaga ta a hango wuyanta daga kai zuwa gindi, a ga ko ya murɗe. A duba tazarar tsirkiya da wuya: idan ta yi nisa, yatsun yaro za su gaji, gajiyayyen yatsa kuwa a makare yake sauka, wato muguwar jita da kanta tana koya wa yaro ɓata taku. A danna kowace tsirkiya a mataki na 12, a ji ko ta ba da sautinta na asali a sama daidai. A murɗa maɓallan a ji ko suna ƙarar yashi. Tsirkiya huɗu ta wadatar. Mai biyar da mai shida ado ne ga wanda bai gama da huɗu ba. Wadda ke aiki da ƙaramin batir na bolt 9 a cikinta tana da daɗin murya, amma takan mutu ranar da ba a shirya ba, don haka marar batir ta fi dacewa da makaranta. Ga ƴan kwaleji masu ƙananan hannuwa akwai gajerar bas, mai tsawon tsirkiya wajen santimita 76 maimakon 86 na yau da kullum. Sannan a tuna da yanayi: hunturu yana busar da itace, wuya ya motsa, bakin ƙarafan matakai ya fito yana yankan hannu, damina ta zo itacen ya kumbura. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa kaɗan-kaɗan a daidaita shi, kuma jitar da aka jingine wata tara a ɗakin kwano ba jaka, ba wanda ya taɓa ta, ba za ta yafe ba. Tsirkiyoyi suna da tsada, gaskiya ne, amma masu bas a ko'ina sun san dabarar tafasa tsofaffi a ruwa don fitar da datti, kuma Jamerson da aka ambata ya yi suna da rashin sauya nasa, da yatsa guda kuma yake yawancin bugunsa. Richard Bona, yana yaro, da wayar birkin keke ya ɗaura wa jitarsa ta farko tsirkiya.

Kaya dai suna da amfani, har sukan buɗe ƙofa: an san cewa ampilin da Bill Wyman ya zo da su a 1962 suna cikin abin da ya sa ƴan Rolling Stones suka karɓe shi. Amma shekara talatin da ya yi tare da su, riƙon taku ne ya zaunar da shi.

Shi riƙon taku ana koyar da shi, kuma a nan ne malamai ba su da uzuri. Ana yawan cewa baiwa ce, wai ɗan Afirka da ita ake haihuwarsa. Wannan magana, wadda Turawan mulkin mallaka suka yaɗa don su rage darajar aikin makaɗa, abin kunya ne a ji ta a bakin malami. Da a jini take, da masu kalangu ba su ɓata shekaru suna horar da ɗiyansu ba. Kayan horon ma ba su da tsada. Agogon taku, wato metronom, wanda Maelzel ya yi wa rajista tun 1815, yanzu kyauta ake saukar da shi a wayar hannu. A sa shi a kan bugu 60 a minti, bugu guda kowace daƙiƙa, a ce yaro ya ajiye sauti guda a kan kowane bugu har minti biyar. Zai ga abin da wuya fiye da gudu, domin a tafiyar hankali ne kowace gaggawa ke fitowa fili. Idan ya zauna, a riƙa kashe agogon na ɗan lokaci yana ci gaba, a sake kunnawa a ga ko suna tare. A koya masa cewa inda sauti ya tsaya yana da muhimmanci kamar inda ya fara, kuma shirun da ke tsakanin sauti biyu shi ma bugawa ake yi. A ware rabin awa a kowane zaman gwaji, mai bas da mai batiri su kaɗai, sauran su zauna su saurara. A ɗauki sautin gwajin a sake ji tare, amma ba ta lasifikar waya ba, domin ita ba ta iya fitar da kaurin bas. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa yaran yanzu, da suka taso da sauraron kiɗa ta waya, ba su san akwai wani abu a ƙarƙashin waƙa ba.

Malamin Hausa yana da rabo babba a nan, ko da bai taɓa riƙe jita ba. Shi ne ke koyar da karin rubutacciyar waƙa, gaɓa mai nauyi da marar nauyi, da yadda ɗango ke karyewa idan aka ƙara masa gaɓa guda. Yaron da ya iya tafa karin waƙa da hannu, ya ji inda ta yi ɗingishi, ya riga ya yi rabin hanyar zama mai bas. Irin wannan yaro ya kamata a nema ranar rabo: mai haƙuri, mai kunne, wanda ba ya jin ƙaiƙayin a gan shi, wanda idan aji ya rikice shi ba ya rikicewa. Sau da yawa ba shi ne mai surutu ba, kuma sau da yawa yarinya ce.

Har tsayuwa a kan dandamali tana da ƙa'ida. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa. Idan aka ajiye mai bas a wannan gefe, mai batiri a wancan, mita goma tsakaninsu, kowane yana jin ɗan'uwansa a makare da kusan kashi 3 cikin 100 na daƙiƙa. A ido ba komai ba ne, a kiɗa mai sauri kuwa ya isa ya sa kowane ya riƙa jiran ɗayan har taku ya yi nauyi. Amma masu shirya biki sukan jera yara bisa ga yadda hoto zai yi kyau, a tura mai bas can ƙurya bayan tulin bafil, inda ba ya ganin ƙafar mai batiri, ba ya jin kansa.

Saura alƙalan gasa. Muddin takardar ba da maki tana da gurbin murya, da na sutura, da na saƙon waƙa, da na rawa, amma ba ta da gurbin daidaiton taku da haɗin kan bas da batiri, to shugabannin makarantu za su ci gaba da zuba kuɗi inda maki yake. Ƙara layi guda a wannan takarda ba ya cin ko dala. Ƙungiyoyin da ke shirya gasa tsakanin makarantu a gidajen matasa na Bawa Ɗan Wardanga a Maraɗi, Abdussalam Adam a Damagaram, Albarka Cibau a Tawa da Jado Seku a Yamai suna iya yin haka tun daga zama na gaba, su kuma sa tsohon makaɗin kalangu ko na ƙwarya guda a teburin alƙalai, a ba shi wannan layin shi kaɗai ya cika.